Daga barbara zuwa gwanjo: yadda ake samar da dokin sukuwa a gonakin Denman

Denman ƙaramin gari ne a jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, mutanensa ba su cika 2,000 ba. Yana kusa da inda kogin Goulburn ya faɗa cikin kogin Hunter, tafiyar kamar awa 3 a mota daga Sidni. Duk hanyar da ka bi ka fita daga garin, gonar inabi za ka tarar ko shingen dawaki, in ka miƙa wajen Muswellbrook kuma sai ramukan haƙar kwal. Gonar Woodlands tana nan kusa, wadda Sheikh Mohammed na Dubai ya saya a 2008. Gonar Coolmore tana Jerrys Plains, gonar Widden tana cikin kwarinta a hannun iyalin Thompson tun 1867, Scone kuwa, wanda ake yi wa kirari da babban birnin dawakin ƙasar, yana arewa da mu da kamar kilomita 50. Aikin da muke yi a waɗannan gonaki, daga ranar da aka fara shirya goɗiya har ranar da ɗanta ya shiga filin gwanjo, yakan ci shekara biyu da rabi.

Kwanan wata ɗaya ne ke juya aikin gaba ɗaya. A nan kowane dokin sukuwa ranar 1 ga Agusta ake ƙara masa shekara, ko da yaushe aka haife shi. Dukushin da aka haifa a Agusta da wanda aka haifa a Nuwamba sa'o'in juna ne a takarda, tare za a kai su kasuwa, tare za su yi tsere suna 'yan shekara 2, alhali ɗaya ya girme wa ɗaya da wata 3 na cin abinci da ƙarfin ƙashi. Ga shi gasar Golden Slipper da ake yi a Sidni a watan Maris ta 'yan shekara 2 ce, kuma namijin da ya cinye ta ya gama samun aikin ingarma. Shi ya sa kowane mai goɗiya so yake ta haihu da wuri. Ciki kwana 340 ne a matsakaici, wata ta sauka a 325, wata ta kai 360 lafiya lau. Ba a buɗe barbara sai 1 ga Satumba, don haka wadda ta ɗauka a makon farko za ta haihu a farkon Agusta, daidai inda ake so.

Sai dai jikin goɗiya tsawon yini yake bi. Yuni da Yuli da Agusta su ne hunturunmu, hasken rana bai fi awa 10 zuwa 11 ba, da asuba raɓa ta daskare a kan ciyawa. A wannan lokaci yawancin goɗiyoyi ba sa sakin ƙwai, in an zuba musu ido sai Oktoba ko Nuwamba su daidaita. Saboda haka tun farkon Yuli muke fara yi musu dabara da fitila. Waɗanda ba su da ciki, da 'yan matan da suka baro filin sukuwa, da yamma ake shigar da su barga ko ƙaramin fili mai fitilu, a bar wuta har wajen ƙarfe 11 na dare, yadda haske zai cika awa 16 a yini. Gwajin ƙarfin hasken mai sauƙi ne: a tsaya a lungun da ya fi duhu, in ana iya karanta jarida, ya isa. Wasu gonakin sun koma amfani da abin rufe fuska mai ƙaramar fitila shuɗiya da ke haska ido ɗaya, goɗiya tana kiwonta a waje. Ko wanne aka bi, sai an yi mako 8 zuwa 10 ba fashi. Inda ake samun matsala shi ne a fara a makare, ko agogon fitilar ya lalace ba a lura ba, ko goɗiyar ta rame. Ramammiya ko fitilar filin ƙwallo aka kunna mata ba za ta motsa ba, don haka bargo da ƙarin abinci suna tafiya tare da hasken.

Goɗiya tana zagayowa duk kwana 21, tana neman namiji kwana 5 zuwa 7, ƙwan kuma yana fita ne kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare. Wannan ɗan tsakanin ake farauta. Kowace gona tana da ƙuru namiji da aikinsa kenan, a zagaya da shi a bayan katangar katako. Wadda ta shirya za ta tsaya masa, ta ɗaga wutsiya, ta buɗe ƙafafu tana ɗan fitsari. Wadda ba ta shirya ba za ta kwantar da kunnuwa ta kai wa katangar harbi. Akwai masu ɓoyewa, musamman mai ɗa a gindinta, wadda hankalinta na kan ɗan, shi ya sa ba a dogara ga ƙuru shi kaɗai. Likitan dabbobi yana zuwa kowace safiya, ya sa na'urar hoto ta dubura ya auna ƙullin da ƙwan ke ciki. In ya kai milimita 35, mahaifa kuma ta nuna kumburin da ake so, sai a yi mata allurar da za ta sa ƙwan ya fita cikin awa 36 zuwa 48, a buga waya gonar ingarma a nemi gurbi. Kafin nan an riga an ɗauki samfur daga gabanta an kai ɗakin gwaji, domin babu gonar da za ta bari ingarmanta ya hau goɗiyar da ba ta da takardar shaidar tsabta daga ƙwayoyin Klebsiella da Pseudomonas.

A dokokin wannan jinsi na dawakin sukuwa da ake kira Thoroughbred, a duk duniya, sai ingarma ya hau goɗiya da kansa. Dukushin da aka samu ta hanyar ɗura maniyyi ba ya shiga littafin asali, ba ya tsere. Wannan doka ita ta cika hanyoyinmu da motocin dawaki daga Satumba zuwa Disamba, tun ƙarfe 4 na asuba. Ita ce kuma ta sa ingarmu ke hawa jirgi: su yi aiki a Ailan ko Ingila ko Amurka daga Fabrairu zuwa Yuni, su zo nan su yi wani daga Satumba. Ingarma Danehill, wanda ya shiga wannan zirga-zirga a 1990, jininsa ya mamaye dawakin ƙasar. Zirga-zirgar tana da haɗarinta. A Agustan 2007 murar dawaki ta shigo tare da dawakin da aka kawo daga waje, aka hana motsa kowane doki daidai bakin lokacin barbara, kuma ba a ayyana ƙasar ta rabu da cutar ba sai a 2008.

Rumfar barbara wuri ne mai shimfiɗar roba ko yashi don kada a zame. A wanke goɗiya, a naɗe mata gindin wutsiya, a sa wa ƙafafunta na baya takalman tsumma masu kauri don in ta yi harbi kada ta karya ingarma, a ɗora mata fata a wuya saboda masu cizo, a murɗe leɓenta na sama da igiya don ta natsu. Mutum 3 ko 4 ke aikin, kowa da hular kwano da rigar kariya. In tana da ɗa, ana tsare shi a wani keji mai katifa inda za ta riƙa ganinsa. Abin ba ya wuce 'yan mintoci. Mai riƙe da ingarma yana kallon wutsiyarsa, in tana bugawa sama da ƙasa, ya zuba. Ingarman da ake rububinsa yakan hau 3 ko 4 a yini, fiye da 150 a kaka ɗaya, saboda haka in ka rasa gurbinka ba lallai ka samu wani kafin ƙwan ya fita ba, ka yi asarar mako 3 kenan. Kuɗin hawa kuwa ya danganta da abin da 'ya'yansa suka yi a fili. I Am Invincible na gonar Yarraman Park ya fara da dalar Ostireliya 11,000 a 2010, a 2023 ya kai 302,500.

Washegari ko bayan kwana 2 likita ya sake dubawa, ko ƙwan ya fita, ko ruwa ya taru a mahaifa. Tsofaffin goɗiyoyi sun fi tara ruwa, kuma ɗan tayi ba ya rayuwa a cikinsa. Maganinsa allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse, da wanke mahaifa da ruwan gishiri na asibiti lita 1 zuwa 3, amma ba kafin awa 4 da barbara ba, don kada a wanke abin da aka biya kuɗi dominsa. Wadda gabanta ya saki yana zuƙar iska da kashi, ana ɗinke mata leɓɓansa na sama. A rubuta wannan a katinta da jan biro, domin in aka manta ba a warware ɗinkin ba kafin haihuwa, yagewa za ta yi.

Hoton da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na kwana 14 zuwa 16 bayan fitar ƙwai. Tagwaye a doki ba abin murna ba ne. Mahaifar goɗiya ba ta iya ciyar da biyu, yawanci ɓari ake yi a wata na 7 zuwa 9, a rasa duka da shekarar. Kafin kwana 16 ɗan tayin yana yawo a cikin mahaifa, likita zai iya raba su da yatsu ya murƙushe ɗaya. Daga nan sai su kafe wuri guda, in kuma manne da juna suka kafe, aikin ya yi wuya. Wajen kwana 28 a duba bugun zuciya. Kwana 45 shi ne na kuɗi, don yawancin yarjejeniyoyi a kan wannan hoton kuɗin ingarma ke zama bashi. Akwai wani dalili kuma da ya sa ba a wasa da waɗannan kwanaki: daga wajen kwana 35 mahaifa tana fitar da wani sinadari da ke ci gaba da gaya wa jiki akwai ciki ko da cikin ya zube, goɗiyar ta yi watanni ba ta dawo daidai ba. Wadda ta zubar bayan nan, yawanci ta fita daga lissafin wannan shekara.

Tsakiyar ciki ba ta da yawan aiki: kiwo, yankan kofato duk mako 6 zuwa 8, allurar rigakafin cutar hafis mai sa ɓari a wata na 5 da na 7 da na 9. Abubuwan da ke hana mu barci a wannan lokaci daga bishiyoyi suke zuwa. Na farko gizaka ce, irin mai tafiya a jere kamar ayari, wadda ke yin gida a gindin bishiyoyin turare da na dangin bagaruwa. A 2004 aka yi ta ɓari a kwarin Hunter, bincike ya kai ga ita. Goɗiya tana cin gashinta ko saɓarta a cikin ciyawa, gashin mai ƙaya ya huda hanji ya yi ta tafiya a jiki ɗauke da ƙwayoyin cuta har ya kai mahaifa. Don haka ana bin bishiyoyin filin masu ciki ɗaya bayan ɗaya, a kwashe gidajen a buhu da safar hannu da abin rufe ido, ko a zagaye bishiyar da shinge. Na biyu jemage ne mai cin 'ya'yan itace, shi ke ɗauke da cutar Hendra. An gano ta a 1994 a Brisbane, tana kashe doki, tana kama mutum daga doki, kuma cikin mutum 7 da ta kama 4 sun mutu. Da ana ganin ciwon arewacin ƙasar ne, sai ga shi a 2019 ta kashe goɗiya kusa da Scone. Rigakafi ya samu tun 2012. Ban da allura, ba a ajiye kwamin ruwa ko na abinci a ƙarƙashin bishiya mai fure ko 'ya'ya. Duk goɗiyar da ta yi ɓari, a ware ta nan take, a sa ɗan tayin da mabiyiya a leda a kai gwaji, wanda ya taɓa kuma ya sa safar hannu da takunkumi, don akwai wata cutar tsuntsaye da ke sa ɓari ta kuma kwantar da mutum.

A wata 3 na ƙarshe ɗan yake yin yawancin girmansa, a nan ake ƙara abinci. Filayen bakin kogi ana shayar da su da ruwan Hunter, wanda madatsar Glenbawn ke sakowa, ana noma lusan, wani ganyen abincin dabbobi, da ciyawar hunturu. Ciyawar kikuyu da ke mamaye wasu filayen da zafi tana da wani sinadari mai riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, in ba a ƙara kalsiyam a abinci ba ƙashin fuska ya kumbura. Ana ƙara sinadarin tagulla da zink saboda gaɓoɓin ɗan. Saura mako 4 zuwa 6 a yi mata allurar tetanos don kariyar ta shiga dakashi, a warware ɗinki, a matso da ita filin da ke kusa da wurin haihuwa.

Hantsa tana fara cika saura mako 3 ko 4. In wani abu kamar kakin zuma ya taru a kan nonon, yawanci saura kwana ɗaya ko biyu, amma mai haihuwar fari tana iya sauka ba ta nuna komai ba. Mukan tatsi ɗigo kaɗan da yamma mu gwada da takardar gwaji, in kalsiyam ya hau, an kusa. Galibinsu da dare suke haihuwa. A nan ba a cika rufe su a barga ba, ƙananan filaye ne masu ciyawa da fitilu, mai gadin dare yana zaune a ɗaki mai tagogi yana kallon su duka, yana zagayawa da tocila. Da yawa cikin masu wannan gadi matasa ne daga Ailan da Ingila da Faransa da ke zuwa aikin kaka guda.

Za ta fara zagaye, ta yi gumi a wuya, ta kwanta ta tashi. Da faya ta fashe a duba agogo a rubuta. Cikin minti 5 zuwa 10 farar jaka mai sheƙi za ta leƙo. A wanke hannu, a sa doguwar safa, a laluba: ƙafafun gaba 2, tafin kofato na kallon ƙasa, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci yana kwance a kansu wajen gwiwa. In haka ne, a ja da baya a bar ta. Naƙudar goɗiya gajeriya ce mai ƙarfi, minti 20 zuwa 30 an gama. In ƙafa ɗaya ce, ko babu hanci, ko tafin na kallon sama, a tashe ta tsaye a yi ta tafiya da ita don nishin ya lafa, wani kuma ya kira likita a lokacin, ba bayan an gwada an kasa ba. Asibitin dawaki na Scone da ke iya fiɗa yana da nisan kusan minti 40 daga nan, ɗan da ya maƙale kuwa da wuya ya wuce awa ɗaya da rai, saboda haka motar ɗaukar doki tana kwana a shirye, hancinta na kallon ƙofa. In kuma maimakon farar jaka aka ga ja mai kama da karan-miski, mabiyiya ce ta rabu da mahaifa kafin lokaci, ɗan ba ya samun iska. Wannan ba a jiran kowa: a farke ta da almakashi, a kamo ƙafafun, a ja tare da nishin uwar, a sa masa iskar oksijin.

Da ya fito a cire jakar daga hancinsa, a bar su kwance, cibiya za ta tsinke da kanta in ɗayansu ya motsa. A tsoma guntun cibiyar a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kiloheksidin mai rabin kashi cikin ɗari, a maimaita sau da yawa a kwanakin farko. Aidin mai ƙarfi yana ƙona fata, mun daina. Ƙa'idar da kowane sabon ma'aikaci ke haddacewa: ya tsaya cikin awa 1, ya sha nono cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. Nauyinsa yakan kai kilo 50 zuwa 55. Mabiyiyar a ƙulle ta sama don kada uwar ta taka, kuma kada a kuskura a ja. In ta faɗo a shimfiɗa ta a ƙasa a duba ƙahonninta biyu, musamman ƙarshen siririn, wanda ba a cikinsa ɗan ya kwanta ba, don shi ke tsinkewa ya zauna a ciki. Guntun da bai kai tafin hannu ba ya isa ya ruɓe ya sa mata zazzaɓi, dafin ya sauka a kofato, a rasa goɗiyar cikin kwana 2 ko 3. Tsohuwar goɗiya da ta kama rawar jiki da gumi bayan haihuwa, dasashinta ya yi fari, jijiyar mahaifa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki. Kada a kore ta, kada a raba ta da ɗanta, a bar ta shiru har likita ya iso.

Dukushi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, duk daga dakashi zai samu, hanjinsa kuma yana karɓa sosai a awa 6 zuwa 12 na farko, ya rufe a awa 24. Muna auna dakashin da ƙaramin madubi irin wanda masu inabi ke auna zaƙi da shi, in ya kai kashi 23 cikin ɗari ko fiye, mai kyau ne. Daga uwa mai yawa mukan ɗebi mililita 250 mu daskarar. Wadda nono ya yi ta zuba mata kwanaki kafin haihuwa ta riga ta zubar da nata, sai a narka na ajiya a ruwan ɗumi, ba a na'urar ɗumama abinci ba, a ɗura wa ɗan ta hanci. Bayan awa 12 zuwa 24 a ɗebi jininsa. Garkuwa giram 8 a lita ko fiye ta isa, ƙasa da 4 kuwa sai ƙarin ruwan jini lita guda ta jijiya. Wanda aka tsallake wa wannan gwaji shi ne bayan mako guda za a ga gwiwa ta kumbura, ƙwayar cuta ta shiga ta cibiya ta zauna a gaɓa. Kashin farko baƙi ne mai tauri, yana toshe maza fiye da mata, shi ya sa ake yi musu ɗurin dubura tun a awannin farko. In ɗa ya yi laushi a kwana na 2, idonsa ya yi rawaya, jininsa ne bai jitu da dakashin uwar ba.

Uwar kuwa ba ta hutu. Kwana 7 zuwa 12 bayan haihuwa za ta sake neman namiji. Ciki wata 11 ne, shekara wata 12, ke nan wata guda ne rarar, in ba a yi amfani da shi ba haihuwarta za ta riƙa ja baya kowace shekara har a tilasta a bar ta shekara guda fanko. A ganinmu wannan zagaye na farko ba na kowa ba ne. Mai ƙuruciya da ta haihu sumul, mahaifa ba ruwa, ƙwan kuma bai fita kafin kwana 10 ba, a kai ta. Sauran gara a jira.

Ƙafafu su ne kuɗin. Duk mako 2 ana tafiya da kowane dukushi a kan daɓe, manaja da mai gyaran kofato da likita suna kallo daga gaba da baya. Karkacewar gaɓar ƙasa, ta saman kofato, sai an gyara kafin wata 2 zuwa 3, don wurin girman ƙashin nan da wuri yake rufewa. Ta gwiwa tana ba da lokaci har wata 6 ko fiye. Gyaran yana farawa da goge gefe ɗaya na kofato, sai liƙa masa ƙari, in ya ƙi a sa ƙusa a gefen da ya fi saurin girma, a cire da ƙafar ta miƙe. In aka manta da ita, ƙafar ta karkace ta ɗaya gefen.

Daga Nuwamba zafi ya sauko, wani yini ya haura digiri 40, filaye su bushe, ƙura ta tashi. A cikin ƙurar akwai ƙwayar Rhodococcus, mai yi wa dukushi ɗan wata 1 zuwa 4 ƙuraje masu ruwa a huhu. Kafin a ji ƙirjinsa na kurari, ciwon ya yi nisa, don haka ana yi musu hoton ƙirji a kai a kai, ana jiƙa wuraren da ake tara su, ana rage cunkoso. Maganin makonni ake sha, kuma yana hana gumi. Dukushin da ke kansa in aka bar shi a rana, zafi ne zai kashe shi ba ciwon ba.

Wannan zafi shi ne lokacin maƙwabtanmu masu inabi. Kwarin Hunter yana cikin wuraren da ke fara girbi a ƙasar, tun Janairu ake tsinke farin inabin semillon, zaƙinsa bai yi yawa ba, daga baya chardonnay da verdelho, sai jan shiraz a Fabrairu, kusan duka na giya. Kamfanin giya na Rosemount, wanda Bob Oatley ya kafa a 1969, a nan Denman ya tashi. Ruwan saman da muke roƙo don ƙura ta kwanta, su tsoronsa suke yi, yana fasa 'ya'yan inabi ya kawo ruɓa. Hayaƙin gobarar daji ta ƙarshen 2019 ya shiga fatar inabi ya ɓata wa da yawa girbin 2020, mu kuma muna jan dawaki daga filayen da ke bakin daji. Abin da ya fi haɗa mu shi ne kogi da kwal: tare masu dawaki da masu inabi suka yi adawa da ramin kwal na Drayton South da aka so haƙawa daf da Coolmore da Woodlands, hukumar tsare-tsaren jihar ta ƙi amincewa da shi fiye da sau ɗaya.

Kafin yaye ana sa wa kowane dukushi ƙaramar na'urar shaida a gefen hagu na wuya, a tsige gashin geza don gwajin asali, a buga masa tambari da ƙarfe mai tsananin sanyi: alamar gona a kafaɗar hagu, lambarsa a kan lambar ƙarshe ta shekara a kafaɗar dama, gashin wurin ya fito fari. Yaye a wata 5 zuwa 6 ne. Mun fi son a riƙa zare uwaye biyu-biyu daga garke ana kai su nesa inda ba za a ji haniniya ba, a bar wata tsohuwar goɗiya mai haƙuri tare da yaran. Bayan yaye a kula da awo. Mai girma da sauri fiye da kima saboda yawan hatsi shi ke samun ɓallewar guringuntsi a gaɓa, kuma hoton ƙashi ba ya ɓoye wannan.

Manyan kasuwannin su ne Magic Millions a Gold Coast a Janairu, da na Inglis a Sidni, Classic a Fabrairu, Easter wajen Afrilu. Shiri mako 8 zuwa 12 ne. Da rana suna barga don kada rana ta ƙone gashi, da dare a sake su. Tafiya da hannu kullum, a fara da minti 15 a kai 40, a koya masa linzami, da tsayuwa yadda mai saye zai ga ƙafafu huɗu, da tafiya mai faɗin taki ba tare da an ja shi ba, don abin da masu saye suka fi kallo kenan. Ana ɗaukar hotunan ƙashi fiye da 30 a ajiye inda likitocin masu saye za su duba, a zura masa na'ura a maƙogwaro a ga ko hanyar numfashi na buɗewa sosai. Tabo ɗaya a hoton yana iya korar rabin masu sha'awa. A wurin gwanjo mai farin jini za a fito da shi sau da dama a yini, tafin ƙafa ya yi zafi, ya ƙi cin abinci, saboda haka da abincin gida da mai kula da shi na gida ake tafiya.

Goɗiyar da ake kira Winx, wadda aka haifa a Coolmore a 2011, dala 230,000 aka saye ta a Magic Millions a 2013, ta je ta ci tsere 33 a jere. 'Yarta kuma a 2024 dala miliyan 10 aka buga mata a Easter. Irin waɗannan ake ji a labarai. Da yawa daga cikin waɗanda muke kaiwa ba sa mayar da kuɗin ingarma da na kiwon shekara biyu da rabi. Mai doki yana sa farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, in tayi bai kai ba a fito da shi, dillalai su biyo shi barga a yi ciniki a bayan fage. In nan ma bai yiwu ba, a dawo da shi gida, a kai shi wurin mai horo ya koyi sirdi, a sake gwada shi a kasuwar 'yan shekara 2 a Oktoba, inda kowane doki sai ya yi gudun mita 200 a gaban agogo kafin a yi tayinsa.